Taimakon Farko Ga Wanda Ya Ji Rauni A Ƙirji

Garin Kafancan mahaɗa ce tun 1927, lokacin da hanyoyin jirgin ƙasa suka haɗu a can. A yau motoci da babura ne ke zirga-zirga tsakaninsa da Kagoro, Kwoi, Zonkwa da Gidan Waya. In hatsari ya auku a waɗannan hanyoyi, waɗanda ke fara isa wurin su ne direbobi da manoma da 'yan kasuwa, ba likita ba. Saboda haka ya wajaba kowa ya san abin yi, musamman in raunin a ƙirji yake, ko da ta hanyar faɗowa daga bishiya ne, ko sukan ƙahon sa, ko wuƙa, ko harsashi.

Dalilin Haɗarin

Huhu da zuciya suna cikin ƙirji, haƙarƙari 12 na kāre su ta kowane gefe. In aka huda ƙirji, iska kan shiga ta kafar, huhun ya motse. Idan kuma iskar ta taru ta rasa mafita, sai ta danne huhu da zuciya, har rai ya halaka cikin 'yan mintoci. Alamun su ne numfashi sama-sama, da jini mai kumfa a bakin rauni, da tarin jini, da kumburin jijiyoyin wuya. Baligi mai lafiya kan ja numfashi sau 12 zuwa 20 a minti.

Abin Da Za A Yi

1. A kira lamba 112, ko 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra, a kuma nemi mota nan take.

2. In majinyacin yana cikin hayyacinsa, a zaunar da shi a jingine, ya karkata wajen raunin. In ya suma amma yana numfashi, a kwantar da shi a kan gefen da ya ji ciwo.

3. A danne wurin da jini ke zuba da ƙyalle mai tsabta, amma kada a toshe kafar da iska ke fita. A dā akan koyar da a liƙe ta da leda. Yanzu masana sun fi son a bar ta a buɗe, ko a rufe da busasshen ƙyalle, a sauya shi in ya jiƙe.

4. Kada a zare wuƙa ko ƙarfen da ya kafe a jiki. A tokare shi da tsumma ta kowane gefe.

5. Kada a ɗaure ƙirji tamau saboda karayar haƙarƙari, kada a ba shi ruwa ko abinci, kada a zuba toka ko garin magani.

Zuwa Asibiti

A garzaya da shi babban asibitin Kafancan, ko wanda ya fi kusa, ko da bai zubar da jini a waje ba, domin jini na iya taruwa a ciki. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai bukatar taimakon gaggawa. Wata doka ta 2017 kuwa ta wajabta duba wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Don haka kada tsoro ya sa jama'a su tsaya kallo alhali ɗan'uwansu na neman numfashi.