Yadda A Ke Kafa Rumbun Bayanai Cikin Kwantena

Kowane akawu ya san ba a ba ɗan koyo littafin haraji na ainihi ya gwada hannunsa a ciki. Wata takarda dabam a kan miƙa masa, in ya ɓata a yage. To, haka masu rubuta manhajar kwamfuta su ke yi. Maimakon su taɓa babban rumbun bayanai na ma'aikata, sai kowa ya kafa ƙarami a kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka, ya yi ta gwaji a kansa.

A da, wannan aiki wahala gare shi, gama rumbun ya kan barbaza kayansa ko'ina cikin kwamfuta, ranar cire shi kuwa sai an sha fama. A shekarar 1956 wani Ba'amurke, Malcom McLean, ya fara loda kaya a jirgin ruwa cikin manyan akwatunan ƙarfe, watau kwantena. Daga nan aka ari sunan. Manhajar Docker, wadda ta fito a 2013, ita ce ta yaɗa dabarar ƙunshe manhaja da dukan abin da ta ke bukata wuri guda, ba ta cuɗanya da sauran.

Ga yadda a ke yi. Bayan an sa Docker, sai a rubuta ɗan fayil mai suna compose.yaml. A ciki a faɗi rumbun da a ke so, misali PostgreSQL, tare da lambar fitowarsa, kamar 16. Kada a bar lambar nan, domin na gwaji ya zama daidai da na ofis. Sa'an nan a sa kalmar sirri, wadda in babu ita rumbun ba ya tashi. Kana a buɗe masa ƙofa. Lambar ƙofar PostgreSQL 5432 ce, amma a rubuta 127.0.0.1 gabanta, in ba haka ba wanda ku ke kan layin intanet ɗaya da shi ya na iya ƙwanƙwasawa. In an gama, a buga docker compose up.

Saura magana guda, ita ce kuwa ta fi cin mutane. Kwantena abin yarwa ne. In aka rushe shi aka tada sabo, sabon fanko zai tashi, sai fa in tun farko an yanka wa bayanan ma'aji mai suna a waje da shi, an ambata shi cikin fayil ɗin nan. Layi biyu ko uku ne kurum, amma sau da yawa mai gaggawa ya kan tsallake su, sai ya shigar da sunayen ɗalibai na mako guda ya wayi gari bai gan su ba.

Ko da ma'ajin ma, a lura. Umurnin docker compose down ya kan rushe kwantena ya bar ma'aji, amma in aka ƙara masa -v, har ma'ajin zai share, ba kuwa zai tambayi mutum ko ya tabbata ba.