Kwamfutar da aka haɗa a Legas ba ta san zafin Maiduguri ba

Da yawa daga cikin 'yan uwanmu mazauna Agege, Idi-Araba, Mile 12 da Sabon Ibadan suna yin wani abin alheri da ban cika jin ana faɗarsa ba. Mutum zai tara kuɗi, ya shiga Computer Village da ke Ikeja ko kasuwar Alaba, ya tsinto kayan kwamfuta ɗaya bayan ɗaya, a haɗa masa a cikin akwati, ya ɗora a mota zuwa gida domin ƙanensa ko ɗansa ya buɗe shagon buga takardu, cike fom na makarantu ko haɗa bidiyon biki. Ni a nan Maiduguri sana'ata ke nan, haɗa kwamfuta da gyaranta, kuma irin waɗannan injuna sukan iso teburina cikin Afrilu da Mayu da ƙorafi iri ɗaya: tana cikin aiki sai ta yi nauyi, fanka ta yi ta ihu, can sai ta ɗauke da kanta. Nan take sai a buga wa yaya waya a ce an cuce shi, an sayar masa da mataccen kaya. Sau da yawa babu wanda ya cuci kowa. Zafi ne kawai ya yi mata yawa.

Abin da ya kamata a fara ganewa shi ne fanka ba ta ƙirƙirar sanyi. Iskar ɗaki take ɗiba ta bi da ita ta kan kayan da suka yi zafi, ta fitar. Saboda haka zafin furosesa, wato ƙwaƙwalwar injin, kullum zafin ɗakin ne a haɗa da abin da ita kanta ta ƙara. Bari in ba da misali da lissafi. A ce an gwada injin a Ikeja, ɗaki yana digiri 30, furosesa ta tsaya a 75 tana tsakiyar aiki. Ke nan ta ƙara 45. Mai haɗawa ya ce lafiya lau, kuma gaskiyarsa. A kawo ta shago mai rufin kwano a Maiduguri da azahar ɗin watan Afrilu, lokacin da waje kansa ke haura 40, har ya taɓa 43 ko 44, cikin shagon kuma ya fi haka. A ce 46. Ƙara 45 ɗin nan, ka ga an kai 91 tun ƙura ba ta ce komai ba. Yawancin furosesar Intel iyakarsu wajen digiri 100 ne, na AMD Ryzen da yawa kuma 95. Da ta kusanci iyakar sai ta rage wa kanta gudu don kada ta ƙone, wannan shi ne nauyin da ake ji. In abin ya ci tura sai ta kashe injin gaba ɗaya, har da takardar kwastoma da ba a adana ba.

To, zafin gari ba a hannunmu yake ba, kuma ba kowa ke da halin na'urar sanyaya ɗaki ba. Tun da aka lalata turakun wutar da ke zuwa daga Damaturu a Janairun 2021 garin nan ya daɗe cikin duhu, har aka buɗe tashar gas mai megawat 50 a Maris ɗin 2023, masu shaguna da yawa sun koma sola da janareta. Wanda ke lissafin batir ba ya maganar AC. Abin da ke hannunmu shi ne waccan 45 ɗin, da hanyar da iska ke bi a cikin akwatin.

Hanyar iska ita ce aka fi ɓatawa. Ya kamata iska ta shigo ta gaba, ta ratsa kan madabod da katin hoto da ƙarfen shan zafi na furosesa, ta fice ta baya ko ta sama. Ƙofar shiga daban, ƙofar fita daban, kamar ɗaki mai taga biyu suna kallon juna. Amma na sha buɗe akwati in tarar da fanka huɗu masu fitilu kala-kala, dukkansu suna hura iska ciki, babu mai fitarwa ko ɗaya, ko kuma biyu suna fuskantar juna suna kokawa. Fanka biyu da aka ɗaura daidai sun fi shida da aka jera don ado. Gane fuskar fanka ba wuya: wasu suna da 'yar kibiya a gefe, in babu kuwa, iska tana fita ne ta ɓangaren da sandunan roba suka riƙe injin fankar, inda waya take fitowa. In an rufe akwatin kuma ana son tabbatarwa, a kunna turaren tsinke a kusanto da shi gaban injin. In hayaƙin ya shige ciki, gaba na ja. A koma baya, ya kamata a ga iska tana kore shi. Gwaji ne na minti ɗaya fa, ban ce a ajiye kaskon turaren wuta kusa da kwamfuta ba, ko da yake mu nan garin turare ne. Hayaƙi mai maiƙo, na turare ne, na girki ko na janareta, shi ke sa ƙura ta manne ta zama kamar ƙullu, wadda hurawa ba ta fitar da ita.

Ƙurar ita ce rabin matsalarmu, kuma ita ce wadda mai haɗawa a Kudu ba ya sa wa a lissafi. Hazon hunturu da ke isa Legas na 'yan makonni, mu a bakin ƙofarsa muke. Babban tushensa kwarin Bodele ne da ke ƙasar Cadi, arewa maso gabas da Tafkin Cadi, kuma daga Nuwamba har wajen Maris yana sauka a kanmu, ga rairayin gari da guguwar farkon damina. Ƙarfen shan zafi kuwa tsaga-tsaga yake kamar mataji. Ƙura takan taru a bakin tsagar ta yi bargo, fanka na juyawa amma iska ba ta ratsawa. Shi ya sa injin da ya iso a Disamba yake aiki lafiya cikin sanyi, yana haɗiyar hazo babu wanda ya sani, sai bazara ta zo ta same shi a toshe.

Dabarar da na fi yarda da ita ita ce a sa iskar da ke shiga ta ɗan fi wadda ke fita: fanka biyu a gaba, ɗaya a baya. In aka yi haka, rarar iskar tana tura kanta waje ta kowace 'yar kafa ta akwatin, ƙura ba ta samun shiga sai ta gaba, inda za ka tare ta da raga. In aka juya, masu fitarwa suka fi yawa, akwatin sai ya riƙa zuƙar iska ta ramukan baya da gefe da duk inda babu kariya. Ragar ba sai ta kanti ba. Yankin gidan sauro mai tsabta, a shimfiɗa ninki ɗaya ko biyu a gaban fankokin shiga, yana tare gashi da zare da ƙura mai kauri. Lallausan hazo dai zai wuce, kada a ruɗi kai, kuma in ka yi ninki biyar don ka tare shi, ka shaƙe injin da hannunka. Ragar da ba a wankewa ma gara babu ita. Lokacin hazo duk mako a cire a kakkaɓe.

Game da girman fanka, in akwatin yana da gurbi, mai milimita 120 ko 140 ta fi 'yar ƙarama mai 80: tana tura iska mai yawa ba tare da ta yi gudun da zai cika shago da ƙara ba. Mai fil huɗu da ake sokewa a madabod ita ke ƙara gudu ko ragewa gwargwadon zafi, kuma a cikin BIOS ana iya sa ta ta fara himma da wuri. Akwai akwatunan yayi masu gilashi ko rufaffen roba a gaba, fankoki na haske a baya amma babu inda za su ja iska sai wata siririyar tsaga. Suna da kyau a hoto. Ni dai in za a aiko nan, a zaɓi mai raga a gaba ko da muni ne. Haka nan ƙananan akwatunan ofis na Dell da HP, 'yan tokumbo, waɗanda ake cusa wa babban katin hoto: ba a ƙera su don wannan zafin ba.

Wurin ajiye injin ma magana ce. A ƙasa ƙura ta fi yawa, kowa ya shigo da takalmi ya tayar da ita, a yi shara ta ƙara tashi. A ɗora shi a kan tebur ko benci. Akwatunan zamani da yawa fawa-fak ɗinsu, wato gidan wutar injin, yana ƙasa ne yana jan iska ta gindin akwati, to in aka dasa shi a kan darduma an rufe masa hanci. A bar tazarar kamar tafin hannu biyu tsakaninsa da bango, kada a kulle shi cikin durowar tebur, kada kuma a jera injuna yadda bayan wannan zai riƙa hura wa gaban wancan. Duk wutar da kwamfuta ta sha zafi take komawa. Injuna goma masu shan wat 150 kowanne, wat 1,500 ke nan, kamar ka kunna dutsen guga ka bar shi a shago tun safe har dare. Irin wannan shago yana bukatar fanka mai fitar da iska a saman bango fiye da ƙarin fanka a cikin kowane akwati, kuma silin a ƙarƙashin kwano yana rage abin da ba a zata ba.

Akwai abin da kowa ke yi: a cire murfin gefe a kafa wa injin fankar tsaye. Ba zan ce ba ya aiki ba, yakan sauke zafi, kuma in ana tsakiyar aikin kwastoma da rana tsaka ni ma zan ce a yi. Amma a mayar da shi al'ada, an buɗe ƙofa ga ƙura da kyankyaso da tsaka da yatsun yara. In sai an cire murfi injin ke zama lafiya, alama ce hanyar iskar cikinsa ba daidai take ba, can za a gyara.

Wani abu da ke aiki a nan amma ba ya aiki a wajenku shi ne fankar ruwa, wadda ake zuba wa ruwa tana hura iska mai sanyi. Hikimarta ɗaya da ta randa, kuma ita ce Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yi amfani da ita a tukunyarsa ta cikin tukunya da ta ci kyautar Rolex a 2000: ruwa na bushewa yana tafiya da zafi. A busasshiyar iskar bazarar Borno tana sauke zafin ɗaki sosai, a Legas ko Fatakwal kuwa inda iska ta riga ta ƙoshi da laima sai dai ta ƙara maka gumi. A sanyaya ɗakin da ita, taga a buɗe, amma kada a saita bakinta cikin kwamfuta. Ku kuma na Kudu da kuke ajiye injin a wajenku, laimar ce abin tsoronku: ƙura mai danshi tana jawo tsatsa a bakin RAM da sauran mahaɗai, musamman kusa da teku. Shi kuwa tsarin sanyaya furosesa da ruwa a cikin bututu, wanda samari ke sha'awa, a ƙarshe shi ma iskar ɗakin yake miƙa wa zafin, kuma ranar da famfonsa ya tsaya samun madadinsa a nan aiki ne. Babban ƙarfen shan zafi mai tsayi da fanka 120 ya ishi yawancin aikin shago.

Tsakanin furosesa da ƙarfen akwai wani man toka-toka da ake shafawa don zafi ya ratsa. Yana bushewa da shekaru, kuma kayan tokumbo sukan zo da nasu ya zama kamar busasshen laka. A goge tsohon da sifirit, a ɗiga sabo kamar ƙwayar wake ƙarama a tsakiya, a ɗaure kusurwa da kusurwa a hankali. Man goge baki ba madadinsa ba ne, ko wa ya faɗa. In ƙarfen sabo ne a duba gindinsa, akwai ledar da ake ɓarewa, kuma ana mantawa da ita fiye da yadda za ka zata.

Wajen share ƙura, a kashe injin, a zare waya daga bango, a fita da shi waje, a hura da bulowa. A riƙe fanka da yatsa kada iska ta juya ta fiye da ƙima. Lokacin hunturu jiki na tara wutar nan da ke ɗan tartsatsi in ka taɓa ƙofar mota, kuma tana iya kashe RAM ko madabod, don haka a taɓa ƙarfen akwatin kafin a taɓa komai a ciki. Fawa-fak kuwa a hura shi ta waje kawai, kada a kwance shi, yana riƙe wuta ko bayan an zare. Ni nakan ce a yi wannan sau ɗaya a tsakiyar hazo, sau ɗaya kuma a farkon Maris kafin zafi ya kankama.

Kada a tsaya ga taɓa akwati da hannu. Manhajoji irin su HWMonitor da Core Temp kyauta ne, suna nuna zafin furosesa, HWMonitor kuma har da na katin hoto. In tana zaune ba aiki tana 45 zuwa 55 a bazararmu, ba abin tashin hankali ba ne. In tana aiki tana wuce 90 tana zama a can, a duba. Wanda aikinsa buga takardu ne zai iya shiga saitin wuta na Windows ya mayar da iyakar ƙarfin furosesa kashi 99 maimakon 100. A injuna da yawa wannan yana hana ta ƙarin gudun nan da ke jawo zafi, batirin sola ma ya huta.

Ga mai shirin aikowa kuma, ka sa a gwada injin da aiki mai nauyi na kamar rabin awa a gabanka, murfi a rufe, ka ɗauki hoton lambar da manhajar ta nuna. Ka ƙara mata 15. In jimlar ta haura 90, a canza ƙarfen shan zafin tun kana kasuwa, inda ya fi araha. Ka jefa fanka ɗaya ta ajiya da bututun man shafawa a cikin kwalin. In ƙarfen babba ne ko akwai katin hoto mai nauyi, a cire su a naɗe daban, domin tafiyar Legas zuwa Maiduguri ta fi kilomita 1,500, kuma girgizar hanya na iya sassauta su ko ta tsaga madabod kafin kaya su iso tasha.