ISABEL WILKERSON: 'YAR JARIDAR DA TA RUBUTA TARIHIN ƘAURAR BAƘAR FATA A AMURKA

Tsakanin shekarar 1915 da 1970, baƙar fata wajen miliyan 6 suka tashi daga jihohin kudancin Amurka suka nufi biranen arewa da na yamma, suna gudun dokokin wariyar launin fata da kisan gilla. Ko da yake masana sun yi rubuce-rubuce a kan wannan ƙaura, yawancinsu lissafi da alƙaluma suka bi, ba su zauna da talakawan da suka yi tafiyar ba. Wannan giɓi shi ne Isabel Wilkerson ta ɗauki alkalami don ta cike.

An haife ta a birnin Washinton a shekarar 1961, iyayenta kuwa suna cikin waɗanda suka yi ƙaurar. Mahaifiyarta daga Jojiya ta fito, mahaifinta kuma daga Birjiniya, yana kuwa cikin rukunin baƙar fata matuƙan jirgin saman yaƙi da aka horar a Tuskegee. Ta yi karatun aikin jarida a Jami'ar Howard, inda ta zama babbar editar jaridar ɗalibai. Daga baya ta kama aiki da jaridar New York Times, har ta shugabanci ofishinta na Shikago.

A shekarar 1994 aka ba ta lambar Pulitzer, watau babbar lambar girmamawa ta 'yan jaridun Amurka, saboda rahotanninta a kan ambaliyar ruwa ta 1993 da kuma labarin wani yaro ɗan shekara 10 mai ɗawainiyar ƙannensa a Shikago. Ita ce mace baƙar fata ta farko da ta sami lambar a fannin aikin jarida.

Maimakon ta miƙe ƙafa ta ci gajiyar suna, sai ta shiga aikin da ya ci mata shekara 15. Ta bi majami'u da wuraren taruwar tsofaffi, ta tattauna da mutum fiye da 1,200. Abin kuwa na gaggawa ne, domin masu labarin sun tsufa, duk wanda ya kwanta dama ya tafi da nasa ke nan.

Daga cikinsu ta zaɓi uku. Ida Mae Gladney mai tsinkar auduga ce a Misisifi, wadda ta gudu da mijinta a 1937 bayan an yi wa wani ɗan'uwansu dukan kawo wuƙa bisa zargin satar talotalo, suka ƙare a Shikago. George Starling ya tsere daga Filorida zuwa New York a 1945, saboda ya haɗa kan masu tsinkar lemo su nemi ƙarin lada, masu gonaki suka nemi ransa. Shi kuwa Robert Foster likita ne da aka hana shi yin fiɗa a asibitin garinsu a Luwiziyana, sai ya tuƙa motarsa zuwa Kalifoniya a 1953, a kan hanya masu masauki suna ta hana shi ɗaki. Daga baya ya zama likitan mawaƙin nan Ray Charles.

Littafin, mai suna The Warmth of Other Suns, ya fito a 2010, ya kuma sami lambar ƙungiyar masu sharhin littattafai ta Amurka. A 2016 Shugaba Barack Obama ya rataya mata lambar girma ta ƙasa. A 2020 ta fitar da littafi na biyu mai suna Caste, inda ta kwatanta wariyar Amurka da tsarin gadon daraja na Indiya da mulkin Nazi a Jamus. Waɗansu masana sun ce kwatancin ya yi nisa, amma duk da haka littafin ya karɓu ƙwarai, har Ava DuVernay ta shirya fim a kansa a 2023.

Hausawa na cewa mai haƙuri yakan dafa dutse. Su Ida Mae duk sun rasu kafin littafin ya fito, amma albarkacin haƙurin mai sauraro ɗaya, jikokinsu sun san dalilin da ya raba kakanninsu da gida.