Alawa, Ƙwarya da Janareta: Sharuɗɗan Mawaƙa Kafin Hawa Dandamali

Akwai wata takarda da 'yan kallo ba sa gani. Rataye ne da ake haɗawa da yarjejeniyar wasa, inda mawaƙi ke zayyana abin da za a tanadar masa: lasifika, wuta, masauki, abinci da tsaro. Ga kaɗan daga abin mamakin da ke cikinta.

A shekarar 1982, ƙungiyar mawaƙan Van Halen ta Amurka ta gindaya cewa a ajiye mata alawar M&M's a ɗakin shiri, amma a tsince duk mai ruwan ƙasa. An daɗe ana cewa iyayi ne. Sai a 1997 tsohon jagoransu, David Lee Roth, ya fasa ƙwai a littafinsa. Kayan wasansu kan cika manyan motoci tara, ga nauyi, ga cin wuta. Suka cusa zancen alawa a tsakiyar bayanan lantarki da ƙarfin dandamali. In sun tarar da mai ruwan ƙasa a kwano, sun san ba a karanta takardar ba, sai a sake bin kowace waya da kowane ƙarfe. Ni dai ban ga iyayi a nan ba, ran mutane ake karewa.

Wanda ya fi taɓa mini zuciya shi ne na ƙungiyar Beatles. A yarjejeniyar wasansu na 1965 a Cow Palace ta jihar Kalifoniya, sun nemi dala 40,000 da 'yan sanda 150, sannan suka ce ba za su yi wasa a inda aka raba baƙar fata da farar fata ba.

A zamaninta, marigayiya Aretha Franklin ba ta buɗe baki sai an ƙirga mata kuɗi a hannu, kuma jakar takan bi ta har kan dandamali. Na'urar sanyaya ɗaki ma kashe ta ake yi, saboda maƙogwaronta. Shi ma marigayi Chuck Berry sai ya ga tsabar kuɗi. Da jitarsa kaɗai yake zuwa, mai gayya ya nemo makaɗa. Paul McCartney kuwa ba nama, ba kujerar fata.

Mu ma muna da namu, sai dai a fatar baki. Wanda ya taɓa gayyato makaɗa biki a Kauru, ko mawaƙan coci a Kafanchan, ya san jerin: kafin alƙalami, kuɗin mota, masauki, tuwon 'yan amshi, sai babban batu, wa zai zuba wa janareta mai. A taro irin Afan na Kagoro, da ake yi kowace ranar 1 ga Janairu, ko Tuk Ham na Kwoi, rukunin masu kiɗa da rawa yakan kai mutum gommai, kowa da cikinsa da wurin kwanansa. Yawancin rigimar bayan biki daga nan take tashi, domin kowa da yadda ya tuna maganar.

Ko kiɗan amada irin na marigayiya Barmani Coge, wadda ta rasu a 2013, yana da nasa tanadi: ƙwarya ake kifawa a kan ruwa, don haka dole mai biki ya kawo ruwa da masaki.

Sai liƙi. Na mai waƙa ne shi kaɗai, ko da kason mai kalangu da maroƙi? Gara a yanke tun kafin a fara. Ga kuma doka: sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta watsa naira ko tattaka ta a wurin biki, da hukuncin ɗaurin aƙalla wata shida, ko tarar aƙalla naira 50,000, ko duka biyun. Tun da hukumar EFCC ta matsa kamen masu liƙi a 2024, wasu masu biki suka koma ajiye kwali ko faranti a gaban makaɗa.