Ƙasa Nawa Ke Cikin Tsohuwar Kwamfuta?

A shagunan buga takardu na Mubi akan ci karo da tsofaffin kwamfutoci masu Pentium 4, 'yan gwanjo da suka biyo ta Legas. Sunan Dell ko HP da ke jikin akwatin ba ya nuna asalin kayan ciki, shi ya sa masu tara irinsu ke kwance su suna duba tambarin kowane sashe.

A kan ƙwaƙwalwar Intel za a ga "MALAY" ko "COSTA RICA". Can aka harhaɗa ta kawai. Ainihin ƙirarta a masana'antun Amurka, Ireland ko Isra'ila aka yi. Faifan ajiya na Seagate kuwa galibi daga Singafo, China ko Tailan. Lambobi huɗu a kan ƙananan sassa, kamar 0332, yawanci suna nufin mako na 32 na shekarar 2003.