Shin Ko Kun San Ta Ina Fom Ɗinku Ke Bi?

Shin ko kun san duk fom ɗin da kuka cike a intanet, da zarar kun danna maɓallin turawa, ɗayan manyan hanyoyi biyu yake bi? Sunansu GET da POST. Ɗalibin Mandera da ya je Boɗinga ko Shagari ya cike fom ɗin makaranta a shagon kwamfuta ya bi ta ɗaya daga ciki, bai ma sani ba!

GET ba ta da sirri. Abin da ka rubuta sai ta liƙa shi a jikin adireshin shafin, bayan alamar tambaya, kamar sunan da ake rubutawa a bayan buhu a tashar mota. POST kuwa cikin buhun take zubawa.

Ku gwada yanzu. Ku nemi Sokoto a Google ta burauzar kwamfuta, ku duba layin adireshi a sama. Ga q=Sokoto nan zaune!

Ku ƙara da wannan: harafinmu ƙ ba ya shiga adireshi haka nan. Rikiɗa yake ya koma %C6%99. Harafi ɗaya, alamomi shida! Shi ma ɗ ya zama %C9%97. Tazarar da ke tsakanin kalmomi kuwa alamar tarawa take komawa.

A 1991, lokacin da Tim Berners-Lee ya fito da tsarin yanar gizo a cibiyar CERN ta Suwizalan, GET kaɗai ake da ita. Har gobe, in mai gina shafi ya manta bai zaɓa ba, GET fom zai bi.

Tsohuwar burauzar Internet Explorer fa? Adireshi ya wuce alamomi 2,083, ta ce ba ta san zance ba. Hoton fasfo ma ba ya bin adireshi, sai dai POST.

Kun taɓa sabunta shafi bayan biyan kuɗi, burauza ta tsaya tana tambaya ko a sake turawa? Aikin POST ne. Kada ku yi saurin amsawa, ana iya cirar kuɗi sau biyu.

Amma fa POST ba kwaɗo ba ce. Abin da ke rufe saƙo a hanya shi ne https.

Adireshi kuma yana zama a tarihin burauza, wanda ya zauna bayanka zai iya gani. Don haka in kun hangi lambar NIN ɗinku, guda 11 ɗin nan, a layin adireshi a kwamfutar shago, ku goge tarihin kafin ku tashi. Ku gaya wa na kusa da ku.