Shawo Kan Majiyyaci Shi Ma Ilmi Ne

A babban asibitin Kazaure da ɗakunan shan magani na Babura, Roni da Gwiwa, aikin ma'aikacin lafiya ba ya ƙarewa da rubuta magani. Sai ya shawo kan mai hawan jini ya rage gishiri, mai tarin fuka ya cika wata 6 yana shan ƙwayoyi, magidanci kuma ya bar maiɗakinsa ta je awo.

Wannan lallashi yana da ƙa'idojin da ake koya. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, William Miller, shi ya bayyana su a 1983, lokacin da yake aiki da mashaya giya. Ba a yi wa majiyyaci faɗa. Tambayarsa ake yi, a saurare shi, har ya faɗi da bakinsa dalilin da zai sa ya sake hali, domin abin da mutum ya furta da kansa ya fi riƙe shi.

Arewa ta ga amfanin haka. A 2003 jita-jita ta sa aka dakatar da rigakafin shan inna a Jihar Kano har zuwa 2004. Sai da sarakuna, malamai da mata masu bi gida-gida suka zauna da iyaye kafin a kawar da cutar, aka tabbatar da haka a 2020.

Tun da yake an wajabta wa ma'aikatan jinya da ungozomomi halartar kwas kafin sabunta lasisinsu, ya kamata wannan darasi ya shiga ciki. Maganin da aka bari a ƙarƙashin matashin kai ba ya warkar da kowa.